Hular Wankan Inna Biba

Watan Maris bai taɓa yi mini komai ba, amma yanzu na tsane shi. Zan faɗa muku dalili, ko da za ku yi mini dariya.

A nan Faransa, duk ƙarshen shekara 'yan kwana-kwana, waɗanda muke ce wa pompiye, suna bi gida-gida da kalandarsu, ka ba da abin da ya sauwaƙa su miƙo maka. Ta bana Ilya ne da kansa ya kawo mini, ya tsaya a bakin ƙofata a Villeurbanne, kusa da Lyon, cikin kayan aiki yana murmushi. Bayan ya tafi na zauna ina buɗawa. Janairu jar mota. Fabrairu dogon tsani. Maris kuwa, Ilya ne da wata Clarisse, fuskokinsu duk baƙin hayaƙi, ta ɗora hannu a kafaɗarsa suna dariya har haƙoransu a waje. Kwana talatin da ɗaya za a yi ana kallonsu a kicin ɗin mutanen unguwa!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Raihana, 'yar Damagaram, shekarata ashirin da bakwai, na yi karatu mai zurfi a kan kare gine-gine daga haɗari. Ilya ɗan Maraɗi ne. Litinin zuwa Juma'a yana gyaran na'urori a wani ɗakin bincike na jami'a, ƙarshen mako kuma pompiye ne na sa-kai. Wata goma sha huɗu ke nan muna tare, kuma wuta ce ta haɗa mu.

Lokacin ina haya a wani tsohon bene a unguwar Guillotière, cikin Lyon. Maƙwabciyata, Maman Yanis, 'yar Chadi ce mai son ƙamshi kamar kowace mace tamu. Ta zuba turaren wuta a kasko, barci ya ɗauke ta, labule ya kama. Akwai na'urar jin hayaƙi a rufin ɗakinta, 'yar farar aba mai kama da faranti wadda ke ihu in ta ji hayaƙi. Ba ta yi ihu ba. Ilya ne ya fito da matar a kafaɗa, daga baya ya nuna mini na'urar: an sa mata safa, an ɗaure da roba, don kada ta dami mutane in ana turare. Maman Yanis ta rayu, amma har yau in ta hau bene ɗaya sai ta zauna ta huta.

Tun ranar na zama abin da matan unguwa suke kira "Hajiya Sirena", wato jiniya. A taron ƙungiyarmu na miƙe na ce duk macen da ta rufe na'urar nan don ƙamshi ta sani wuyan 'ya'yanta take shaƙewa. Wani dattijo ya ce, "Ɗiyata, komai nufin Allah ne." Na ce, "Baba, safar ma Allah ne ya hau kujera ya sa ta?" Ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, ban damu ba. Na gaji da mutanen da za su sayi turaren Yuro hamsin amma batirin Yuro uku ya gagare su.

Da gwamnatin ƙasa ta buɗe wani tallafi don ƙananan barikokin pompiye da shirye-shiryen rigakafin gobara, ni na rubuta takardun neman, abin da ake ce wa dosiye. Shafi arba'in da shida. Kyamarar da ke ganin mutum a cikin hayaƙi, sababbin kayan shaƙar iska guda takwas don waɗanda barikin su Ilya ke amfani da su sun tsufa, na'urorin jin hayaƙi dubu biyu, da shirin shiga gidajen matanmu a yi musu bayani da Hausa da Larabci. A shafin farko na sa hoton na'urar Maman Yanis da safarta.

Kwamitin da ke Paris ya kira mu mu kare dosiyen. Mutum biyu kawai, kuma masu kaki. Shugaban bariki ya zaɓi Ilya da Clarisse. Sunana yana shafi na ƙarshe, a ƙasa, ƙanana ƙananan baƙaƙe kamar sharaɗin kamfanin waya.

A gefe guda kuma ga Mama daga Damagaram, kullum saƙon murya na minti shida.

"Raihana, wannan mai kashe wutar naki, shi ba ya da ƙafar zuwa gaida Biba? Umar Faruk sau biyu yana zuwa, har da kilishi. Mai kantin magani ne fa, ba ya shiga wuta."

Inna Biba ƙanwar Mama ce, shekara ashirin da shida tana Sevran, a gefen Paris, a hawa na bakwai. Ita ce uwata a ƙasar nan, wanda duk ke so na sai ya bi ta falonta. Muka tsara da Ilya: Juma'a kwamiti, Asabar da la'asar gaisuwa. Ya ce a nan zai faɗa wa Inna cewa kawunsa zai tashi daga Maraɗi ya je wurin Babana. Na ce masa, "Ka san ba a zuwa gaisuwa mutum ɗaya. Ka zo da aboki, wanda ya san halinka." Ya ce to.

Ni na riga su zuwa Paris. Ranar Juma'a da azahar ina kicin ɗin Inna ina tsince zogale saƙonsa ya shigo.

"Mun fito. Wallahi Clarisse ta burge su."

Ta burge su. Da kalmomin wa? Wa ya yi wata uku yana gyara jimlolin da ta karanta? Na rubuta amsa mai tsawo, na goge, na tura masa "Barka" ko ɗigo babu.

Asabar da hantsi Sa'ida mai lalle ta zo daga hawa na uku ta zana mini baƙin lalle, fulawoyi tun daga farce har wuyan hannu. Ta ce kada in taɓa komai sai bayan awa biyu, ta tafi. Lafayata mai ruwan zuma tana rataye a ƙofar ɗaki, Inna ta sa ɗan kasko a ƙarƙashinta, ta buɗe taga kaɗan duk da sanyin Disamba. Haka take yi tun bara, lokacin da na hau kujera da kaina na kafa mata na'ura a rufin falo, na kuma yi mata wa'azin da ya sa ta ce, "Allah ya haɗa ki da miji mai haƙuri."

Ina zaune hannuwa a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare, wayata ta yi ƙara. Na buɗe da gwiwar hannu, saƙon Ilya ne.

"Muna tafe ƙarfe huɗu, ni da Clarisse."

Na ce Inna ta danna mini kira, ta sa a kunnena.

"Ilya, aboki na ce."

"To ai ita ce binom ɗina."

"Me?"

"Kin sani mana. Ba a shiga wuta mutum ɗaya, biyu-biyu ake shiga, igiya ɗaya ke haɗa mu. Shekara uku ita ke bayana. Kin ce wanda ya san halina, Raihana. A ƙasar nan wa ya fi ta sani?"

"Wa ya fi ta sani," na maimaita.

"Ba haka nake nufi ba."

"Sai kun zo."

Inna ta ajiye wayar tana dariya har ɗankwalinta na zamewa. "Kai, zamani! Abokin ango mace, kuma Nasara. To ai sai a ƙara shinkafa."

Ni ban yi dariya ba. Abin da ke kaina ɗaya ne: matar nan za ta shigo gidanmu, ta zauna kusa da shi, kuma dole ta san cewa akwai abin da ba a koyarwa a bariki. Ina so in na gifta ta gabansa ya manta da watan Maris. Na dubi ɗan kaskon Inna, hayaƙinsa siriri kamar na sigari, iskar taga tana kwashe rabi.

Inna ta shiga sallar azahar. Na tura tagar da kafaɗa ta rufe. Na ɗauko babban kasko da bayan hannu, na juye garwashi, na zazzaga turaren da Mama ta aiko, mai sandal da hawi, wanda Inna ke ɓoyewa don biki. Hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, ya shiga lafaya, ya shiga labule, ya shiga kujeru. Daɗi ya kama ni.

Sai na'urar ta yi "ƙit" sau ɗaya, alamar tana shirin ihu.

Masu karatu, na san abin da ya kamata in yi. Ni na rubuta shi a shafi na goma sha biyu: buɗe taga, fitar da kasko. Amma in na buɗe taga ƙamshin ya tafi. Na shiga banɗaki na zaro hular wankan Inna, ruwan hoda mai fulawoyi, na jawo kujera na hau. Minti goma kawai, na ce wa kaina, kafin su zo na cire. Robar hular ta kama na'urar cif kamar don ita aka yi. Da na sauko na ga fulawar yatsuna uku na dama ta dagule, na yi tsaki na gyara da tsinken ashana.

Inna ta fito da sandarta, ta shaƙi iska, ta ɗaga kai ta ga hularta a sama. Ta dube ni. Ta girgiza kai ta wuce kicin. Daga nan shinkafa ta nemi kamawa, aka shiga soya kaza, na yi wanka, na yi kwalliya, na naɗa lafaya sau uku kafin ta zauna yadda nake so. Hula ta fita daga kaina gaba ɗaya.

Huɗu da minti biyar aka danna ƙararrawa.

Ilya cikin farin bazan, wato shadda, da hula, kyau kamar ya kashe ni. A bayansa Clarisse, doguwar riga har ƙasa, ta yafa ɗan gyale. Na so a ce ba ta da kyau. Tana da shi, irin na mutanen da ba su damu ba. Ta cire takalmi ba a ce mata ba, ta rusuna a gaban Inna.

"Ina wuni, Inna. Mun same ku lafiya?"

Da Hausa! Wato a jirgin ƙasa, awa biyu daga Lyon, yana zaune kusa da ita yana koya mata harshenmu, tana kuskure suna dariya.

Inna kuwa ta narke. "Lafiya lau, ɗiyata! Kai, wannan ta fi wasu 'ya'yan Hausawa ladabi."

Aka ci abinci, aka kawo shayi. Inna ta gyara zama ta ce Faransancinta na kasuwa ne, maganar aure kuma ba a yin ta da harshen sayen tumatir. Tunda abokin ango aka kawo mata, za ta tambaye shi, ni in yi tafinta. Ilya ya sunkuyar da kai.

"Tambaye ta, yana da fushi?"

Na tambaya. Clarisse ta ce ba ya ihu, in ransa ya ɓaci shiru yake yi ya kama goge kayan aiki. Na fassara.

"Yana salla a wurin aikin?"

Ta ce yana yi a ɗakin da ake shanya tiyo, har sun ware masa kusurwa. Ta ƙara da cewa yana tsoron karnuka, sukari uku yake sa wa kofi, kuma in ya gaji yana waƙa a hankali ba ya sani. Ni ban san yana waƙa ba. Wata goma sha huɗu, ban sani ba. Na fassara kowace kalma da bakina, ina murmushin dole.

"To tambaye ta ta ƙarshe," in ji Inna. "In wuta ta yi zafi, yana gudu?"

Clarisse ta daina murmushi. Ta ce sau ɗaya bene ya rufta tsakaninsu, da ya yanke igiya da ya fita cikin minti ɗaya. Bai yanke ba. Ta ce yau ɗiyarta tana da uwa saboda shi.

Inna ta share ido da bakin gyale. Ni ma abin ya taɓa ni, amma kishi ba ya jin irin wannan. Abin da na ji kawai shi ne akwai igiya tsakaninsu, ni kuma waya ce kawai tsakanina da shi.

Sai Clarisse ta juyo gare ni. Ta ce akwai labarin da suka ajiye don su faɗa a gaban Inna. Jiya kwamitin ya tambaya, in an ba da tallafin, wa zai shiga gidajen matan, tunda ba za su buɗe wa mai kaki ƙofa ba. Ita ta ce wadda ta rubuta dosiyen. Ta rubuta sunana a matsayin shugabar shirin, ta sa hannu a ƙasa. Ta ce musu ta san mutane da yawa masu magana, amma Raihana ba ta taɓa sassauci a kan wannan abu ba, ko ga danginta.

"Me ta ce?" in ji Inna.

Na fassara.

A daidai nan Clarisse ta yi ɗan tari. Pompiye suna da wata ɗabi'a, duk ɗakin da suka zauna sai idonsu ya nemi ƙofa, ya nemi taga, ya nemi rufi. Na ga idonta ya hau sama. Na ga ya tsaya. Ilya ya bi kallonta.

Hular wanka, ruwan hoda, mai fulawoyi, a tsakiyar rufin falo.

Ba wanda ya yi motsi. Na buɗe baki, ban san me zan ce ba, Inna ta riga ni.

"Ni ce," ta ce da Faransancinta na kasuwa. "Tsufa ne. Abin yana damuna da ihu. Raihana ta yi mini faɗa har ta gaji."

Clarisse ta yi dariya mai taushi, ta ce kada Inna ta ji kunya, ita ma mahaifiyarta tana cire batiri in za ta soya kifi, shi ya sa ake buƙatar irin su Raihana. Ta dafa hannuna. Na bari ta dafa. Na yi shiru, masu karatu. Ni Hajiya Sirena, na yi shiru.

Ilya ya ce, "Inna, a ba ni izini." Ya jawo kujera ya hau da farin bazan ɗinsa, ya zare hular. Na'urar ta shaƙi abin da ya rage na turarena ta fasa ihu, ihun da ya cika hawa na bakwai. Clarisse ta buɗe taga, sanyi ya shigo. Ya danna maɓallin ta yi shiru, amma bai sauko ba. Yana kallon gefen na'urar. Daga inda nake ina hango abin da yake kallo: tabo uku baƙaƙe a jikin farar robar, sawun yatsu.

Ya dubi hannuwan Inna, babu lalle. Ya dubi sandarta a jingine da kujera. Ya dube ni. Na tura hannun dama cikin lafaya.

Ya sauko, ya ninke hular ya ajiye a kan tebur, ya zauna ya shanye shayinsa. Ya ɗauki cokalin yana gogewa da tishu, yana gogewa, cokalin da ba abin da ya same shi. Yanzu na san ma'anar wannan, Clarisse ta koya mini. Inna ta ba shi hanya sau biyu. "To, Malam Ilya, ko akwai wata magana?" Ya ce, "Gaisuwa ce kawai, Inna. Jirginmu ƙarfe bakwai." Ba kawu, ba Maraɗi, ba Damagaram.

Na raka su zuwa asansar, wato lif ɗin hawa da sauka. Clarisse ta shiga ta riƙe ƙofa, ta kama duba wayarta don ta ba mu wuri.

"Ba ka faɗa wa Inna maganar kawunka ba," na ce da Hausa.

"Inna da sanda take zuwa kicin, Raihana. Ita ce za ta hau kujera?"

"Minti goma na yi niyya."

"Maman Yanis ma minti goma ta yi niyya."

Maganar ta dake ni, sai na rama da abin da ke raina. "Kai ka kawo ta! Ka koya mata Hausa, ta san kofinka, ta san waƙarka, ga ku a watan Maris kamar amarya da ango. Ni me na sani? Me kake so in yi?"

"Hoto ne. Ranar mun fito daga gobarar gidan burodi, mai hoto ya ce mu yi dariya." Ya yi ƙasa da murya. "Hular ba ta dame ni kamar yadda kika zauna tsohuwa ta ɗauki laifinki ba. Ina ta jira ki yi magana. Har na gama shayi ina jira."

"To ga shi na faɗa maka. Ni ce."

"Ni na riga na sani. Clarisse ce ta sa hannu a kan sunanki."

Ya shiga asansar ya tsaya kusa da ita. Na gane abin da ke gabana sarai. In na faɗa mata, tana iya kiran kwamiti ranar Litinin ta janye sunana, aikin da na yi wata uku ina rubutawa ya tafi hannun wata. In na yi shiru, ƙofar nan za ta rufe da shi, Umar Faruk ya kawo kilishi karo na uku. Kuma a cikin duk matan duniya, a gaban wannan ce zan tsiraita kaina.

Ƙofar ta fara rufewa. Na zaro hannun dama daga lafaya na tare ta, na ɗaga yatsun uku a gaban fuskar Clarisse.

"C'est moi," na ce. "Ni na rufe na'urar, ba Inna ba. Don ina so in fi ki ƙamshi."

Ta dubi yatsun, ta dube ni, bakinta a ɗan buɗe. Ilya yana kallon takalminsa. Na janye hannuna, ƙofar ta rufe.

Na tsaya ina kallon jajayen lambobin da ke sama, masu nuna hawan da ta kai. Shida. Biyar. Huɗu. Na ji ƙarar sandar Inna a bayana, ta leƙo daga ƙofa.

"Kin faɗa mata, ko? Ni na yi ƙarya da furfurata, ke kin bi kin tone."

"Inna, ki yafe mini."

"Hulata dai kin ɓata mini ita da lalle. Ya tafi?"

Biyu. Ɗaya. Sifili. Lambar ta tsaya a nan, ta daɗe, har na fara jin sanyin simintin a tafin ƙafata, don ko takalmi ban sa ba. Gidan nan hawa goma sha biyu ne, mutum ɗari ke hawa da sauka, na san kowa ma zai iya dannawa.

Sifili ta koma ɗaya.

"Shigo mana, sanyi zai kama ki," in ji Inna.

Biyu. Uku. Huɗu.

Ban shiga ba.